Daga Sanayya Zuwa Duba-Gari: Tarihin Fargabar Tsabta a Wuraren Sayar da Abinci a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauka daga mota a Lakwaja ko Ore ko Mararrabar Jos domin ya ci abinci ya san irin kallon da matafiyi kan yi kafin ya zauna. Yakan dubi ruwan wanke hannu, ya dubi tsumman da ake goge faranti da shi, ya saci kallon bahon wanke-wanke, sa'an nan ya yanke shawara ko ya ci ko kuwa ya haƙura da burodi da ayaba. Wannan fargaba tana da tarihi, kuma abin da kakanninmu suke tsoro a abincin waje ya bambanta da abin da muke tsoro a yau.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan fargaba tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, tare da duba wanda yake tsaya wa mai cin abinci a kowane zamani, wato wanda yake ba shi tabbacin cewa abin da aka zuba masa ba zai cutar da shi ba. Za mu dogara da abubuwan da suka auku a tarihi da kuma shaidar da harshe ya adana, domin kalmomin da al'umma ta ƙirƙira ko ta aro sukan nuna lokacin da wani sabon abu ya shigo mata.

2.0 Kalmomin Tsabta a Hausa

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu rarrabe wasu kalmomi da akan cuɗa su a magana. Bahaushe yana da "tsabta", wadda kishiyarta ita ce "ƙazanta" ko "dauɗa", kuma ma'auninta ido ne da hanci. Yana da "tsarki", wanda kishiyarsa ita ce "najasa", kuma ma'auninsa shari'a ce. Yana kuma da "ƙyama" ko "ƙyanƙyami", wato abin da rai yake ji idan ya ga abin da bai kwanta masa ba, ko da kuwa abin ba ƙazanta ba ne kuma ba najasa ba. "Najasa" da "ɗahara" da "sabulu" daga Larabci suka shigo, "datti" kuwa daga Turanci.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi da asalinta yake nufin kuɓuta daga halittun da ido ba ya gani. Wannan ma'ana ta huɗu baƙuwa ce. Da ta zo ba a ƙirƙira mata suna ba, sai aka ɗora ta a kan "tsabta". Za mu ga illar wannan ɗori a sashe na shida.

3.0 Abincin Sayarwa Kafin Zuwan Turawa

Sayar da dafaffen abinci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Kyaftin Clapperton, wanda ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya bayyana kasuwar birnin a matsayin mai tsari, tana da shugaba mai kula da rumfuna da farashi. Ya ambaci wuraren gasa nama a kan tsinke kusa da mahauta, da mata masu zuba wa jama'a abinci, kuma a ganinsa wuraren suna da tsabta. Abin da ya kama mahauta da shi algus ne: hura nama domin ya cika ido, da manna gashin tunkiya a cinyar akuya domin a sayar wa wanda bai sani ba. Barth, wanda ya zo a 1851, shi kuwa kududdufan birnin da ruwan Jakara ne suka dame shi. Ke nan tun a wancan zamani matsalar ta fi yawa a ruwa da muhalli fiye da hannun mai dafawa.

To, su wa suke cin abincin kasuwa? Galibi fatake ne da madugai da 'yan koli da almajirai da gwauraye, wato waɗanda babu tukunyar da ake ɗora musu a garin. Magidanci mai mutunci ba ya zama a bainar jama'a yana cin tuwo, kuma malaman fiƙihu sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da suke rage mutuncin wanda ba ɗan kasuwa ba. Sarakuna kuwa ba a ganin cin abincinsu ko kaɗan. Saboda haka abin da ya fi hana Bahaushe cin abinci a waje shi ne kunya. Bayan kunya sai tambayar halacci, wato wane ne ya yanka dabbar, sa'an nan tsoron sammu, domin an yi imani cewa ta ciki aka fi samun mutum.

Akwai kuma wata kasuwa da ba ta da rumfa. Matan aure na kulle suna yin fura da ƙosai da waina da ɗanwake da tuwo a cikin gida, yara suna kai talla ko kuma a aiko a saya. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a kan wannan ɓoyayyen ciniki a 1969, kuma ta nuna girmansa a tattalin arzikin ƙauye. A irin wannan ciniki mai saye ya san gidan, ya san matar, ya san rijiyar da take ɗiban ruwa. Idan aka shaidi mace da ƙazanta, maganar za ta zaga unguwa kafin la'asar, cinikinta ya mutu. Sanayya ita ce mai tsaron ciki, gori kuma shi ne hukunci.

Wannan ba ya nufin babu hukuma. Akwai Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa, kuma Daular Sakkwato ta san muƙamin muhtasibi mai kula da mudu da awo da hana algus. Sai dai aikinsu ya fi karkata ga gaskiyar ciniki da halaccin nama. Karin maganar nan da ke cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya ta ishe mu shaida cewa ana ɗaukar ƙazamar miya a matsayin abin ƙi, wanda taron jama'a zai iya gamawa da shi. Ba a ɗauke ta a matsayin abin da zai kwantar da taron gaba ɗaya ba.

4.0 Zamanin Turawa: Baƙunta da Duba-Gari

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne yawaitar baƙunta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916. Haƙar kuza a Jos da ta gawayi a Inugu sun tara dubban leburori waɗanda suka baro iyalansu a gida. A tashoshin jirgi da barikoki da bakin ma'aikatu sai aka sami mai dafawa da mai ci waɗanda ba su san juna ba, wani lokaci ma ba sa jin harshen juna. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo, ya nuna yadda masu masauki suke ɗaukar nauyin kwana da cin fataken shanu da goro. Wannan wata dabara ce ta ɗauko sanayya a kai ta ƙasar baƙunta, amma ba kowane baƙo ne yake da maigida ba. Sauran sai su nufi wurin 'yan tuwo-tuwo, kuma a nan ne wannan suna ya ɗauki ɗan ƙyamar da yake ɗauke da ita, domin yawancin masu sana'ar a bariki mata ne marasa aure.

Na biyu shi ne ilimin ƙwayoyin cuta da Turawa suka zo da shi. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa lafiyar kansu ce ta fara damunsu. Bayan da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro, sai aka shiga raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Gwamnan Legas na 1899 zuwa 1904, William MacGregor, wanda shi kansa likita ne, bai goyi bayan wannan wariya ba, ya fi son a gyara garin domin kowa. Amma ra'ayin Gwamna Lugga ne ya yi rinjaye, aka tanadi filin da ba a gini mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a. A 1917 aka kafa dokar birane da dokar kiwon lafiyar jama'a, waɗanda suka ba ma'aikatan tsabta ikon shiga gidaje da kasuwanni da mahauta, su ƙwace abincin da ya lalace, su kuma kai mai shi gaban shari'a.

Annobar ɓeraye da ta addabi Legas daga 1924 zuwa 1931, wadda ta kashe fiye da mutum 1,800, ita ta ƙara wa waɗannan ma'aikata ƙarfi. Dakta Isaac Ladipo Oluwole, wanda ya yi karatun likita a Gilasgo, ya zama mataimakin jami'in lafiya na Legas a 1925 kuma cikakken jami'i a 1936, shi ne ya kafa makarantar horar da ma'aikatan tsabta a Legas. A Arewa an buɗe Makarantar Tsabta ta Kano a 1932, jim kaɗan bayan kammala aikin ruwan famfo na Challawa. Ɗalibanta suka bazu cikin hukumomin En'e, suna aiki da sunan sarki, wanda ya saɓa kuma a gurfanar da shi gaban alƙali.

Sunayen da al'ummomin ƙasar nan suka laƙaba wa wannan ma'aikaci abin nazari ne. Hausawa suka ce "duba-gari", Yarabawa suka ce "wole-wole", Ibo suka ce "nwaole-ala". Dukkansu an gina su a kan aikatau mai nufin dubawa, sai abin da ake dubawa ya bambanta: gari a Hausa, gida a Yarabanci, ƙasa a harshen Ibo. Babu harshen da ya kira shi da sunan lafiya ko magani. Abin da jama'a suka gani shi ne mutum mai kakin gwamnati yana leƙa randa yana neman 'ya'yan sauro, yana sa a zubar da ruwan da aka sha wahalar jawowa, yana rubuta sammaci. A wannan zamani ne kuma kalmar "ba-haya" ta samu, wato makewayin jama'a da ba a biyan kuɗin shigarsa. Tsabtar duba-gari ta yi aiki, amma da tsoro ta yi shi. Jama'a sun koyi ɓoye randa da share ƙofar gida ranar da zai zo, ba tare da an zaunar da su an fahimtar da su dalili ba.

5.0 Bayan Mulkin Kai

Daga 1960 zuwa yau masu cin abinci a waje sai ƙaruwa suke yi. A ƙidayar 1963 mutanen Kano ba su kai 300,000 ba, amma a ta 2006 ƙananan hukumomin cikin birnin sun haura miliyan biyu. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 sun jawo jama'a birane, nisan wurin aiki da gida ya sa komawa cin abincin rana ya gagara, matsin tattalin arziki na shirin SAP daga 1986 kuma ya tura mata da yawa cikin sana'ar abinci. Teburin mai shayi ya zama wurin karin kumallon leburori da ɗalibai da ƙananan ma'aikata. A 1986 aka buɗe Mr Bigg's na farko a Marina ta Legas, wasu irinsa suka biyo baya. Kunyar ci a waje ta ragu ƙwarai, har ta kai magidanci yana ɗaukar iyalinsa ya kai su gidan abinci ranar hutu.

Harshe ya rubuta wannan sauyi. Hausa ta aro "otal" da "kanti" da "tebur" da "kula", ta kuma ƙirƙiri "gidan abinci". Kalmar "buka", wadda ake dangantawa da "bukka" ta Hausa, ta zauna a Yarabanci da Turancin Nijeriya, ta haifi "bukateria". A watan Janairu na 2020 babban ƙamusun Turanci na Oxford ya shigar da su tare da "mama put", ya kuma nuna cewa an fara ganin ukun a rubuce tsakanin 1972 da 1980, wato daidai shekarun bunƙasar man fetur.

A daidai lokacin da masu ci suke ƙaruwa ne kuma ƙarfin duba-gari ya yi ta raguwa. An rushe tsarin En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo, tsarin mulkin 1979 da na 1999 suka danƙa kula da wuraren sayar wa jama'a abinci a hannun ƙananan hukumomi, wato matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikata. An sauya wa ma'aikacin suna ya koma jami'in lafiyar muhalli, an kafa majalisar yi masa rajista a 2002, amma kwarjininsa bai dawo ba. Hukumar NAFDAC da aka kafa da doka ta 15 ta 1993 ta fi mayar da hankali ga magunguna da abincin da aka sarrafa aka ƙunshe. Tukunyar da ke kan murhu a bakin tasha ta zauna a tsakani, kowa yana ganin aikin wani ne.

Sakamakon ya bayyana a alƙaluman kwalara. Cutar ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma a 1971 an ba da rahoton mutum 22,931 sun kamu, 2,945 sun rasu. A 1991 adadin ya kai 59,478 da rasuwar 7,654. A 2021 an yi zargin fiye da mutum 111,000 sun kamu, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya. Ba za a ɗora wannan duka a kan masu sayar da abinci ba, domin tushen kwalara gurɓataccen ruwa ne da rashin makewayi, amma da wannan ruwan ake dafa abincin sayarwa, da shi ake wanke faranti, shi ake dama kunu da zoɓo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa a nahiyar Afirka mutum miliyan 91 suke kamuwa da cututtukan da ake ɗauka ta abinci a kowace shekara, 137,000 kuma suke mutuwa.

Martanin gwamnati yakan zo ne da sigar gangami. Gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a watan Maris na 1984, kuma a watan Yuli na 1985 Janar Idiagbon ya buɗe babinsa na tsabtace muhalli a Kano, da alkawarin naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsabta. An kwashe bola, an rushe rumfuna da bukkokin masu abinci a bakin titi, an bar wa ƙasa al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Masu abincin da aka kora suka koma lunguna inda ruwa ya fi wuya. Haka kuma zuwan Ebola a watan Yuli na 2014 da na korona a watan Fabrairu na 2020 sun sa an ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar gidajen abinci, amma da annoba ta lafa sai akasarin bokitan suka ɓace.

6.0 Inda Ido Yake Yaudarar Mai Ci

Da sanayya ta yi rauni, duba-gari kuma ya ja baya, sai aka bar mai ci da idonsa. A nan ne ɗorin ma'anar da muka ambata a sashe na biyu yake cutarwa. Idan aka ce wa mai abinci ta kula da tsabta, abin da za ta fahimta shi ne ta share wuri, ta goge tebur, ta sa tufafi masu haske. Za ta yi duk wannan da zuciya ɗaya, ta kuma ajiye kwano guda na ruwan wanke hannu wanda mutum goma za su tsoma hannu a ciki. Muddin ruwan bai yi duhu ba, a wurinta da wurinsu yana da tsabta. A ma'aunin fiƙihun Malikiyya ma ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar najasa ba ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba. Wannan hukunci amsa ce ga tambayar ibada, ba a kafa shi domin auna ƙwayar kwalara ba, kuma ruwa garai-garai yana iya ɗauke da ita. Abin sha'awa shi ne tsohuwar al'adar zuba ruwa daga buta a kan hannu ta fi kwanon tarayya aminci nesa ba kusa ba.

Haka abin yake game da mai dafawa. Labarin Mary Mallon, kukun da aka gano a Niyok a 1907 tana yaɗa taifot a gidajen da ta yi aiki alhali ita lafiyarta ƙalau, ya nuna cewa kyan gani ba ya shaidar lafiya. Haka kuma game da abincin kansa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin zafi, dafuwa sosai kuma tana kashe akasarinsu. Saboda haka tuwo da miyar da aka kwaso daga wuta a bukkar zana suna iya fin aminci a kan shinkafar da ta wuni cikin kula, ko haɗin ɗanyen ganyen da aka jera cikin gilashi a babban otal. Ƙyamar mai ci takan sauka a kan hayaƙi da baƙin tukunya, ta tsallake tsumman goge faranti da ƙanƙarar da aka jefa cikin lemo.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa fargabar cin abinci a waje ta taso daga kunya da tambayar halacci da tsoron sammu, ta koma tsoron cuta, kuma mai tsaron ciki ya tashi daga sanayyar unguwa zuwa duba-gari, daga nan zuwa idon mai ci shi kaɗai. Samar da ruwa mai kyau da ma'aikatan duba abinci aikin hukuma ne. Amma akwai kason da ya faɗo kan masana harshe. Yawancin saƙonnin faɗakarwa da ake watsawa a rediyo fassara ce daga Turanci, inda kalma guda ta "tsabta" take ɗaukar ma'anoni biyu, mai sauraro kuma ya ɗauki wadda ya gada. Akwai bukatar a zauna da masu abinci da masu shayi da mahauta a ji yadda suke amfani da waɗannan kalmomi, a kwatanta da takwarorinsu na Yarabanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri, sa'an nan a daidaita lafazin da zai bambanta abin da ido ya wanke da abin da sabulu da wuta suka wanke. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin da ba a fahimci harshensa ba da wuya a yi aiki da shi.